Buɗaɗɗun manhajoji da ba sa karɓar bayanan juna: me kuka gani a wajen aikinku?

Ma'aikaciyar tattara bayanan lafiya, Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu da manhajar ODK muke cike fom a waya, rahoton wata kuma DHIS2 yake shiga, wato manhajar da Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa, wadda Najeriya ta ɗauka don bayanan lafiya. Dukkansu buɗaɗɗu ne, kowa na iya leƙa cikinsu ya gyara. Amma duk ƙarshen wata sai yaranmu sun zauna sun kwafe alƙaluma da hannu daga nan zuwa can, har dare. Abin yana damuna ƙwarai, domin a wurin kwafen ne alƙaluman rigakafi ke rikicewa. Wa ya taɓa fita daga irin wannan?

Mai haɗa manhajoji, Kaduna: Wa alaikumus salam Hajiya. Na sha wannan wahalar, kuma abin da na gano shi ne sunayen asibitoci ne ke kawo cikas. Wani ya rubuta Tudun Wada, wani Tudunwada, wani T/Wada, ga shi kusan kowane babban gari yana da tasa Tudun Wadar. Kwamfuta ba ta san abu ɗaya ake nufi ba. Shi DHIS2 kowace cibiya yana ba ta lambar shaida mai gurbi 11. Sai muka kwaso lambobin muka zuba a shafin zaɓi na XLSForm, wato tsarin rubuta fom a jadawali irin na Excel: ma'aikaci suna yake gani ya taɓa, abin da ake ajiyewa kuwa lambar ce. Daga ranar bayanai suka fara wucewa da kansu. Kuma fom ɗin nan da muka rubuta da XLSForm, da abokan aikinmu masu KoboToolbox, wata manhajar cike fom, suka nema, tura musu kawai muka yi, ya buɗe lafiya lau.

Mai zana taswira, Sakkwato: Ni a manhajar taswira ta QGIS nake aiki. Tsohon tsarin ajiye fayil ɗin taswira, wato shapefile, ba ya barin sunan ginshiƙi ya wuce harafi 10, sai ka ga dogayen sunaye an guntule su har ba ka gane wanne ne wanne. In kuma ba a turo ƙaramin fayil ɗin da ke faɗin tsarin haruffa ba, ƙ da ɗ da ɓ na sunayen ƙauyuka duk su dagule. Sabon tsari mai suna GeoPackage ya magance wannan tun 2014, amma har yau wasu da muke aiki da su shapefile suke cewa a kawo.

Malamin kwamfuta, Damagaram: Malam, namu na nan Nijar ya ƙara da wani. Kwamfutocinmu da Faransanci aka saita su, 2,5 muke rubutawa inda ku kuke sa 2.5, don haka fayil ɗinmu na jadawali, wato CSV, da alamar (;) yake raba ginshiƙai, ba da waƙafi (,) kamar naku ba. Na tura wa ɗan'uwa a Katsina, ya buɗe ya tarar komai ya cushe a ginshiƙi guda. Sannan mu ƴ muke rubutawa, ku 'y, mai neman suna ɗaya ba zai ga ɗayan ba. Yanzu kafin mu fara aiki tare sai mun yi yarjejeniya a rubuce: tsarin haruffa UTF-8, kwanan wata kuma shekara, wata, rana, bisa ƙa'idar duniya ta ISO 8601.

Ma'aikaciyar tattara bayanan lafiya, Kano: Allah ya saka da alheri. Malam na Kaduna, in an buɗe sabuwar cibiya ko an sauya wa wata suna, wa ke sabunta muku jerin lambobin? A wurinmu babu wanda aka ɗora wa wannan aikin, kuma shi zan fara kai wa shugabanmu.