In sayi katin girafik yanzu ko in jira sababbi? Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba ni labari

Mai Haɗa Bidiyo, Makka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa wa wani kamfanin Umara bidiyo a nan Makka, ina kuma yanka karatun wasu malamai ana ɗorawa a YouTube. Katin girafik (wato na'urar da ke sarrafa hoto da bidiyo) da ke kwamfutata GTX 1660 Super ne mai ma'ajiya giga 6, ya yi mini hidima ƙwarai. To amma yanzu kowa 4K yake ɗauka, ko da waya ce, in na jera bidiyo uku a manhajar haɗa bidiyo ta DaVinci Resolve sai hoto ya riƙa tsayawa yana tafiya. Na tara riyal 2,500. Abokin aikina ya ce in dakata, ana raɗe-raɗin sababbin katuna na tafe, na yanzu za su karye. Ni kuma Ramadan nake hange, lokacin ne aiki ke yi mana yawa. Don Allah wanda ya taɓa jira, ko ya saya sabo ya fito a bayansa, ya faɗa mini yadda ta kaya.

Ɗan Zazzau, Riyad

Wa alaikumus salam. Ni na jira, bari ka ji. A tsakiyar 2020 kuɗina na hannu, aka ce RTX 3080 zai fito a Satumba kan dala 699. Ya fito kuwa, amma ina za ka gan shi? Korona ta jawo ƙarancin kayan haɗa na'urori, masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum kuma, da yake da katin girafik ake haƙarsa, suka riƙa kwashe katunan kwali-kwali. Na zaga shagunan kwamfuta na unguwar Ulayya a nan Riyad, wanda ke da shi sai ya faɗi kusan ninki biyu na kuɗinsa, wani ma ya ce ba ya sayar da kati shi kaɗai sai ka haɗa kwamfuta sukutum a wurinsa. Kasuwa ba ta dawo hayyacinta sosai ba sai 2022, musamman bayan Ethereum ta daina amfani da haƙa a watan Satumba. Duk tsawon wannan lokaci da tsohon katina na zauna, ayyukan da suka wuce ni Allah kaɗai ya san yawansu. Farashin da ake sanarwa a Amurka daban, abin da za ka tarar a shago daban.

Maman Sultan, Jidda

Tawa ta bambanta da ta Ɗan Zazzau. Zanen cikin gida nake yi, da manhajar Blender nake fitar da hotuna. Ƙarshen 2023 na sayi RTX 4070, sai ga Janairun 2024 an fito da 4070 Super a kan dala 599, daidai kuɗin da aka sa wa nawa tun farko, nawa kuma aka sauke shi zuwa 549. Na ji abin a raina, ba zan ɓoye ba. Amma a tsakanin nan na gama zanen wani gida da wani shagon abaya, kuɗin ɗaya daga ciki ya fi wancan bambanci nesa ba kusa ba. Har gobe da katin nake aiki. Ƙanena, in don wasan kwamfuta kake sayen kati zan ce ka jira. Kai da shi kake cin abinci.

Tsohon Mai Gyara, Jidda

Na daɗe ina aiki a wani shago a titin Khalid bin Walid, inda kasuwar kwamfuta take, don haka bari in ɗan tsawaita.

Da farko ka iya lissafin da kanka, kada wani ya ruɗe ka. Dala ɗaya riyal 3.75 ce, ba ta motsi, sannan ka ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun Yulin 2020. RTX 5070 an sa masa dala 549, ke nan wajen riyal 2,370 da haraji. RTX 5060 Ti mai giga 16 dala 429, wajen riyal 1,850. Shi kuwa 5070 Ti dala 749, ya haura 3,200, ya fi ƙarfin aljihunka. In ka shiga shago, ko ka duba shafukan sayayya na Jarir ko Amazon ko noon, ka ga farashi kusa da wannan lissafi, to ba a cuce ka ba. In ya yi masa nisa, ka ƙara gaba.

Masu cewa a jira, abin da ba sa faɗa shi ne makonnin farko na sabon kati su ne mafi tsada. Na gani da idona a farkon 2025 da jerin RTX 50 suka fito: kaɗan ake kawowa, masu kuɗi su yi layi, farashi ya hau. Sai an shafe watanni kafin ya sauko inda talaka zai taɓa. Ke nan jiranka biyu ne, na fitowa da na saukowa. Ga shi kuma tun ƙarshen 2025 kuɗin RAM, wato ma'ajiyar kwamfuta, ya yi tashin gwauron zabi saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna wawashe ta, katin girafik kuma da irin wannan ma'ajiya ake ƙera shi. Ni dai ban ga alamar arha a gaba kusa ba.

Abin da ya fi damuna da samarinmu shi ne su zuba kuɗin duka a kati su manta da fawa, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta. Katinka na yanzu wat 125 yake ci. 5070 wat 250 ne, kuma fawa mai wat 650 ake so a haɗa shi da ita. Kwanaki wani yaro ya kawo mini kwamfuta, wai sabon kati na kashe masa ita. Na buɗe, fawar tsohuwa ce marar suna, ƙura ta toshe fankarta kamar auduga, da ka taɓa murfin sai ka janye hannu. Katin lafiyarsa lau. A zafin Makka kuwa, in ɗakinka ba ya samun esi sosai, wannan ba abin wasa ba ne. Ka buɗe taka ka karanta abin da ke rubuce a jikin fawar kafin ka fito kasuwa.

Sannan ka karɓi rasit ka adana. Kayan lantarki sababbi a ƙasar nan garantin shekara biyu ne a ƙa'ida, amma ba rasit ba magana.

Ɗalibi, Madina

Ni na hannu na saya wurin wani mutum a 2023, lokacin da masu haƙa ke zubar da nasu da arha. Ya rantse mini wasan kwamfuta kawai ya yi da shi. Bai daɗe ba fanka ɗaya ta fara ƙara, daga baya hoto ya riƙa fitar da ɗigo-ɗigo. Lambarsa kuma ta daina shiga. Ban ce duk na hannu haka suke ba, abokina ya dace da nasa. Amma in za ka bi ta nan, a kunna shi a gabanka, a ɗora masa aiki mai nauyi ya yi zafi tukuna, kuma ka nemi rasit na asali.

Abu Maryam, Dammam

Me ya sa kowa katunan RTX na kamfanin Nvidia yake ambata? RX 9070 XT na AMD ya fito a Maris 2025 da giga 16 kan dala 599. Shi nake amfani da shi, ban ga abin kushewa ba. Akwai ma Arc B580 na Intel mai giga 12 a dala 249 ga mai ƙaramin ƙarfi. Kuma in jira za ka yi, ka jira ragin Ranar Ƙasa ta Saudiyya, 23 ga Satumba, ko na Farar Juma'a, lokacin da shaguna ke karya farashi a Nuwamba, wannan aƙalla an san ranarsa.

Tsohon Mai Gyara, Jidda

Abu Maryam, gaskiyarka, kati ne mai kyau, ga mai wasa ma shi zan nuna masa. Sai dai da haraji ya kai wajen 2,580, ya ɗan haura kuɗin yaron nan, ga fawa kuma. Sannan mai haɗa bidiyo yana da wata buƙata: jerin RTX 50 suna iya warware bidiyo mai launi 4:2:2 da kansu, irin wanda kyamarorin Sony da Canon ke ɗauka, wanda a da yake wahalar da kwamfuta. In kamfaninsu da irin waɗannan kyamarori suke ɗauka, zai ga bambanci tun ranar farko. Abu guda da zan hana shi: kada ya sayi mai giga 8 don aikin 4K, komai arharsa. A kula, 5060 Ti iri biyu ne, mai 8 da mai 16, kwalinsu kusan ɗaya.

Ɗan Zazzau, Riyad

Na goyi bayan Baba Mai Gyara. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ragin Nuwamba ma ni a kan linzamin kwamfuta da allon rubutu na fi ganinsa, katin da ake rububi ba kasafai ake karya shi sosai ba.

Mai Haɗa Bidiyo, Makka

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na buɗe kwamfutar kamar yadda ka ce, fawar wat 450 ce, kuma kyamarar ofishinmu Sony ce. Ke nan 5070 da sabuwar fawa sun fi ƙarfina. Na tsaya a kan 5060 Ti mai giga 16, ragowar kuɗin in sa fawa mai kyau da fanka ɗaya ko biyu. Ranar Asabar in sha Allahu zan shigo Jidda da kwamfutar gaba ɗaya, a gwada tsawon katin da akwatin kafin in biya. Baba, da safe ya fi ko bayan la'asar?