Ina son koyar da fannin tsaro a jami'a, daga ina zan fara?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Na gama digirin Kimiyyar Siyasa a ABU, na yi hidimar ƙasa, yanzu koyarwa nake so. Abin da ya tsaya min a rai shi ne juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. ECOWAS ta ba sojojin mako guda, har da barazanar yaƙi, su kuwa ko gezau. Me ke sa shugaba ya yi barazanar da abokin hamayya bai ɗauke ta da gaske ba? Wannan nake son nazarta, tsaro haɗe da halayyar ɗan Adam. Kuma don Allah, akwai abinci a hanyar?

Malama a Samaru:
Wa alaikumus salam, ɗana. An daɗe ana bin wannan tambaya taka. Robert Jervis ya yi littafi a 1976 kan yadda shugabanni ke yi wa juna gurguwar fahimta. Irving Janis kuma a 1972 ya nuna yadda mashawartan shugaba ke amsa amin ɗin juna har su afka rami, misalinsa harin da Amurka ta shirya wa Kuba a 1961. Ka nemi littattafan nasu a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke ABU.

Sai dai inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne ƙididdiga. Fannin nan ba tsokacin rediyo ba ne. Za ka tsara tambayoyi, ka tara amsoshin mutane, ka auna su a kwamfuta. Ka koyi SPSS ko R, wato manhajojin ƙididdiga na kwamfuta, tun kafin ka sayi fom ɗin digiri na biyu.

Ɗalibin digiri na uku, Kaduna:
Malama ta faɗi gaskiya, amma ni ina ganin shugabanni sun yi maka nisa, ba za su zauna da kai ba. Tubabbun 'yan Boko Haram da suka bi ta sansanin gyaran hali na Malam Sidi a Gombe fa? Ko matasan da suka shiga daji a Birnin Gwari? Baturen da ya zo sai da tafinta, kai kuwa za ka zauna kan tabarma ɗaya da mutum, ka gane lokacin da ya kauce wa magana. Ka dai samu izinin jami'a da na hukuma tukuna.

Baban Khadija:
Batun abinci, ƙanena, albashin ƙaramin malami da ƙyar yake kai wata, kuma a 2022 ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki. Tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, sai ka zama ma'aikaci, don haka ka fara neman gurbin mataimakin malami.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka. Malama, tsakanin SPSS da R, wanne zan fara?