Wai duk takin naitirojin ɗaya ne a wurin buluberi?

Mai Lambu: Jama'a, ni ban yarda da wannan tsirfar ta cewa buluberi, ɗan itacen nan mai ƙananan 'ya'ya shuɗaye, yana zaɓen taki ba. Naitirojin dai naitirojin ne. Ko daga yuriya ya fito ko daga kalsiyam naitiret, ina buluberi ya san bambanci?

Malamar Gona: Ya sani mana, Alhaji. Naitirojin iri biyu saiwa take sha, naitiret da amoniyam. Yawancin shuke-shuke hannu bibbiyu suke karɓar naitiret, buluberi kuwa amoniyam ne cimarsa, ganyensa ba ya iya sarrafa naitiret sosai. Kuma kalsiyam naitiret rage tsamin ƙasa yake yi, alhali tun 1910 masanin tsirrai Frederick Coville ya nuna a Amurka cewa sai a ƙasa mai tsami itacen nan yake yi. A ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, daga 4.5 zuwa 5.5 yake so; in lambar ta yi sama, tsami ya ragu ke nan.

Sabon Shiga: Wallahi na gani da idona. Bara na zuba naitiret, sabon toho ya fito rawaya, jijiyoyin ganyen kaɗai suka rage kore. Na ɗauka yunwa ce na ƙara taki, abin ya ƙara lalacewa. Ashe tsamin ne ya ragu, saiwa ta kasa jan ayon, wato sinadarin ƙarfe.

Mai Lambu: To na ji, a bar naitiret. Amma me zai kai ni ga amoniyam salfet mai naitirojin kashi 21 cikin ɗari, ga yuriya mai 46? Ita ma ai amoniyam take komawa a ƙasa.

Malamar Gona: Nan kam kana da gaskiya, amma rabi. Idan pH ya haura 5, salfet ya fi, don ya fi yuriya tsamama ƙasa. Idan yana ƙasa da 5, yuriyarka ta isa.

Tsohon Hannu: 'Yata, kin manta salfet gishiri ne, yana ƙona saiwa. Saiwar buluberi siririya ce kamar zare, a sama-sama take. Ka zabga mata salfet a tashi ɗaya, kwana kaɗan bakin ganye ya ƙone. Ni kashi uku nake raba shi, daga fitowar toho, ina bin sa da ruwa. Kuma wanda ya cika hannu da taki, kowane iri ne, ganye zai tara ba 'ya'ya ba.

Malamar Gona: Haka ne, Baba. Na ƙarshen kaka ma haɗari ne, toho ɗanye yake fitarwa sanyi ya kashe.

Mai Lambu: Har yanzu ina ganin kun cika zuzuta abin.

Tsohon Hannu: Nawa ne pH ɗin gonarka?

Mai Lambu: Ban taɓa aunawa ba.