Neman shawara: da wane suna zan nemi kafur a Japan?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Fukuoka, an ɗora mini nemo kafur da za mu ajiye a masallaci saboda wankan gawa. Na shiga kantin magani na ce "kanfuru", mai kantin ya yi ta kallona. Wani kuma ya ce in ce "kusunoki". Don Allah wanne ne daidai?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kusunoki sunan bishiyar kafur ɗin ne, wasu su ce kusu. Idan ka faɗi haka za su zaci dashe kake nema, ko wani mutum, don sunan dangi ne ma a can. Abin da ake tatsowa daga itacen shi ne shono. Nuna musu wannan a wayarka: 樟脳.

Amsa ta 2:
Kanfuru ɗin ma kalmarsu ce, daga bakin mutanen Holan suka aro ta. Sai dai ta fi tuna musu da allurar da likitoci a zamanin da suke yi wa wanda zuciyarsa ta raunana. Yanzu a jarida aka fi ganinta, idan ana zancen farfaɗo da tattalin arziki.

Amsa ta 3:
Malam, abin lura ba sunan kaɗai ba ne. Farin ƙwallon nan da muke kira kafur a kasuwannin gida, galibi naftalin ne, ba daga bishiya ya fito ba. Su sun raba: wancan nafutarin, na bishiya shono. Tunda na gawa ne, ka ce "tennen shono", wato na asali. A wajen magungunan ƙwarin tufafi za ka duba, don shi suke sa wa kimono, tufarsu ta gargajiya. Can tsibirin Kyushu da kake ma gidan bishiyar ne. Wadda ta fi kowace kauri a Japan tana Kamo, jihar Kagoshima, kewayenta ya haura mita 24. Har zuwa 1962 gwamnati ce ke riƙe da cinikin shono.

Amsa ta 4:
Ɗana, in ƙara maka ɗaya: kada ka haɗa shi da naftalin a akwati guda, narkewa suke yi su ɓata likkafani. Ka rufe shi a kwalba don yana bin iska, kuma nesa da yara, guba ne in an haɗiye.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allahu zan koma kantin.