Batir na mutuwa kafin asalatu: a ƙaro batir ko a fara aunawa?

Autan Zaure: Assalamu alaikum manya. Akwai wata makaranta da nake kula musu da intanet. Suwic ɗaya mai rami 24 wanda ke ba da wuta ta cikin kebul, rauta, na'urorin wayifai 6, kyamarori 10 da akwatin da ke naɗar hotonsu. Duka suna kan inbata da batir biyu masu 200Ah. In aka ɗauke wuta da magariba, kafin kiran asalatu komai ya mutu. Mai makarantar ya ce in kawo masa lissafin ƙarin batir biyu. In rubuta masa, ko akwai wata dabara?

Mai Sola: Wa alaikumus salam. Kafin ka sa bawan Allah ya zazzage aljihu, wat nawa kayan suke ci?

Autan Zaure: A jikin takardar suwic ɗin na ga 370W.

Injiniya: Auta, wannan ba cinsa ba ne, iyakar abin da zai iya rabawa ne. Ƙa'idar ba da wuta ta kebul ɗin intanet, wato IEEE 802.3af ta 2003, ta ware wa kowane rami wat 15.4. Ninka shi sau 24, ga 370 ɗinka nan. Daga baya 802.3at ta 2009 ta kai shi wat 30, 802.3bt ta 2018 kuma har 90. Kyamarar da aka ware wa 15.4 sau da yawa ko rabinsa ba ta ci. Tukunya daban, abin da aka zuba a ciki daban.

Mai Sola: Bari in yi maka lissafin bakin kasuwa. Bolt 12 sau 200, sau biyu, wat-awa 4,800 ke nan. In batirin ruwa ne ko na jel, rabi ne naka in kana son ya yi ƙarko, wato 2,400. Daga magariba zuwa asalatu awa 10 ne ko kusa da haka. Ka ga wani abu na jan wajen wat 240, in dai batiran lafiyarsu ƙalau. In kuma ya fi haka zurfafawa kullum, to kana kashe su ne a hankali.

Injiniya: To sai a tambayi suwic ɗin da kansa. In irin wanda ake shiga cikinsa a saita ne, kunna SNMP, wato yaren da ake tambayar na'ura bayananta da shi ta kebul. Akwai tsohuwar ƙa'ida ta IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, mai lamba RFC 3621, tun 2003, wadda mafi yawan irin waɗannan suwic ɗin suka sani. Za ta ba ka jimillar wat ɗin da ake ja a wannan lokacin, da ajin wutar da aka ware wa kowace na'ura, ta kuma ba ka ikon kunna rami ko kashe shi. Inda ta gaza shi ne ba ta faɗin cin kowane rami shi kaɗai. Wannan sai ka nemi fayil ɗin MIB, wato jerin bayanan da za a iya tambayar na'ura, na kamfanin da ya ƙera suwic ɗin.

Malama ta Zariya: Injiniya, ka tsallake EMAN, kwamitin kula da cin wutar na'urori. Ai saboda irin wannan giɓin IETF ta kafa kwamitin. Sun fara da RFC 6988 a 2013, inda suka zayyana abin da ake buƙata, sai RFC 7326 a 2014 mai tsarin gaba ɗaya, sannan RFC 7460 a 2015 wadda ita ce ta aunawa da sarrafawa. Har ta batir sun fitar, RFC 7577. Abin da ya fi burge ni a 7460 shi ne ba ta yarda na'ura ta jefo lamba kawai ta yi shiru ba. Akwai gurbin da za ta faɗi asalin lambar: aunawa ta yi da gaske, ƙiyasi ne, ko kuwa lambar da aka rubuta mata tun daga masana'anta take maimaitawa. Ɗalibaina na sha gaya musu, lambar da ba ka san daga ina ta fito ba kamar labarin tasha ne. Tsarin kuma ya bambanta mai ba da wuta da mai karɓa, don kada ka ƙirga wat ɗin kyamara a kanta, ka sake ƙirga shi a cikin na suwic.

Injiniya: Ban tsallake ba ranki ya daɗe, kauce mata na yi. A takarda ba ta da na biyu. Amma ni dai a kayan da suka ratsa hannuna, musamman na gwanjo da muke saye, ban taɓa tura tambayar 7460 na samu amsa ba. Kowane kamfani nasa ya riƙe. Ita kanta IETF ta koma kan batun a 2024 da sabon kwamiti mai suna GREEN, wannan karon da YANG, wani sabon salon tsara bayanan na'ura. Auta ba zai jira su ba, batirinsa yau da dare zai mutu.

Malama ta Zariya: Na yarda. Amma ya karanta 7326 ko don ya san tambayar da zai yi wa mai sayar da kaya nan gaba.

Na Maraɗi: Sannunku da ƙoƙari. Ni shawarata ta talaka ce. Sayi ƙaramar mitar nan da ake sokawa a soket, ka jona kayanka ɗaya bayan ɗaya. Suwic yana faɗa maka abin da ya raba wa wasu, ba lalle ya haɗa da abin da shi kansa da fankokinsa suke ci ba. Kuma ka auna da rana, ka sake aunawa da dare. Kyamara in duhu ya yi tana kunna jajayen fitilun nan na ganin dare, cinta ya hau.

Autan Zaure: Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. To manhajar da zan riƙa ganin lambobin fa?

Injiniya: LibreNMS ko Zabbix, duka kyauta ne. LibreNMS ta fi sauƙin farawa don tana gane na'urori da kanta. Ka bar ta ta zana maka layin kwana uku. Gargaɗi ɗaya: yi amfani da SNMP ta uku. Ta biyu kalmar sirrinta a fili take tafiya, kuma duk wanda ya samu ikon rubutu zai iya kashe maka kyamarori daga kujerarsa.

Mai Sola: Inbatar ma tana magana in ka iya yarenta. Da yawansu na da ramin fitar da bayanai na RS485 ko RS232, wasu kuma da yaren Modbus suke magana. In UPS ce mai katin intanet, akwai RFC 1628 tun 1994, za ta faɗa maka cajin da ya rage da mintunan da take hasashe. Sannan ina ka ajiye batiran? In ɗakin kwano ne marar iska, zafin Afrilu kaɗai ya isa ya rage musu kwana.

Na Maraɗi: Akwai kuma EEE, wato 802.3az ta 2010, mai sa rami ya ɗan yi gyangyaɗi in babu abin da ke wucewa. Kunna shi, amma kar ka sa rai da yawa, a kowane rami bai kai wat ɗaya ba, kuma sai ɓangarorin biyu sun san shi. Masu tura sauti ta kebul ma kashe shi suke yi.

Injiniya: Inda riba take shi ne jadawali. Wa ke hawa wayifai ɗin aji da ƙarfe biyun dare, aljanu? Sa suwic ya yanke musu wuta bayan isha'i ya mayar da safe. Ramukan kyamarar ƙofa kuma ka ba su fifiko mafi girma, don in wutar suwic ta gaza, su ne na ƙarshen da zai saki. Ka kuma kankare bakin kebul ɗaya da wuƙa. In ka ga fari a ƙarƙashin jan, alminiyam ne aka shafa wa tagulla, yana zafi yana cinye wuta a hanya.

Autan Zaure: Manya, na dawo da rahoto bayan kwana huɗu. Suwic ya ce yana raba wat 95 da rana, 130 da dare. Na sa jadawali, wayifai biyar suna kwana, ya sauko ƙasa da 100. Kebul ɗin tagulla ne, alhamdu lillahi. Amma da na tara komai da mitar Na Maraɗi, lissafin bai kai 240 ɗin Mai Sola ba. Sai na kwana a wurin. Wajen ƙarfe goma na bi wata farar waya da ta fita ta taga daga bayan inbata, na same ta a ɗakin maigadi. Fanka ta tsaye tana juyi, ga talabijin ɗin kallon kyamarori a kunne ba mai kallo, ga wayoyi bakwai na maƙwabta jere a kan tabarma suna caji.

Malama ta Zariya: Wannan kam ko 7460 ba ta da gurbinsa.

Mai Sola: Kar ka cire wa Baba fankarsa a wannan zafin, ka ji tsoron Allah. Akwai fankoki masu caji da ke aiki da bolt 12, cinsu kaɗan ne. Sa mai makaranta ya saya masa ɗaya, ko kusa ba ta kai kuɗin batir ba. Talabijin ɗin kuma a kashe.

Autan Zaure: An gama. Wayoyin maƙwabtan fa?

Na Maraɗi: Duka bakwai ɗin ba su kai cin fankar ba. Bar su, su ne ke taya Baba hira.