Layin sa hannu yana yankewa a manhajata, allo ne ko Android?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka. Aikin kammala karatu nake yi, manhajar Android da mutum zai sa hannu da yatsa a kan fom. Malamin da ke duba aikin ya ƙi taken farko da na kai masa, abokin da muka fara tare ya janye, ga lokaci ya ƙure mini. Idan na ja yatsa gefe, layi na fita sumul. Da na ja ƙasa sai ya yanke a tsakiya, shafin ya kama gangarawa. Ni ban ma gane ta ina taɓawa ke bi ta isa manhaja ba.

Mai gyara: Wa alaikumus salam. Cire caja ka gwada. Cajar banza kan sa allo ya riƙa taɓa kansa. Kullum sai an dawo mini da waya wai ni na ɓata, alhali cajarsu ce.

Injiniya: Ƙanena, rabu da batun caja. Ƙarƙashin gilashin akwai siraran layukan lantarki a saƙe. Yatsa ya sauka, cajin wurin ya canza, wani ɗan cif, wato ƙaramin sashen lantarki, ya auna ya tura ta I2C ko SPI, hanyoyin da sassan waya ke aika wa juna bayani. Direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa allo da Linux, tushen da aka gina Android a kai, ya karɓa ya ajiye a wurin da ake kira /dev/input, kowane yatsa da lambarsa. Wani sashen Android mai suna InputReader ya ɗauka, wani kuma mai suna InputDispatcher ya miƙa wa tagar manhajar da ka taɓa: ACTION_DOWN (yatsa ya sauka), sai MOVE (ya motsa), sai UP (ya ɗaga). Haɗa wayar da kwamfuta ka buga umarnin adb shell getevent -l, zai nuna maka abin da allo ke turowa. Direba ne, ba ko shakka.

Malama: Injiniya, da direba ne ai da kowace manhaja ta yanke. Ɗan uwa, wurin sa hannun yana cikin ScrollView, wato sashen da ke sa shafi ya gangara sama da ƙasa? Da zarar yatsa ya ɗan yi tafiya a tsaye, ScrollView na ƙwace taɓawar, wurin sa hannun kuma ya samu ACTION_CANCEL, wato an soke taɓawar, maimakon UP. Shi ya sa gefe bai damu ba. A ACTION_DOWN ka kira getParent().requestDisallowInterceptTouchEvent(true) don hana ScrollView ƙwacen, ko ka ba sa hannun shafinsa daban.

Mai tambaya: Eh yana ciki, amma fom ɗin dogo ne, kuma malam ya ce komai a shafi ɗaya. Kowa ai da ScrollView yake aiki, ban ga yadda zai zama matsala ba.

Injiniya: Yaran yanzu ke nan, a kwafo layi ɗaya a liƙa ba a san me ke ƙasa ba. Getevent tukuna, ka turo mana abin da ya fito.

Malama: Getevent zai nuna masa komai lafiya, don ƙwacen a cikin manhaja yake faruwa.

Mai gyara: Wai wace irin waya ce ma? An taɓa canza mata allo?

Mai tambaya: Ta yayata ce, zan tambaye ta. Kebul ɗina ma ba ya haɗa waya da kwamfuta, caji kawai yake yi. Akwai wata hanyar?