Me za mu kira "arsenic" da Hausa?

'Yan'uwa masu fassara da ma'aikatan lafiya, ku zo mu tsayar da magana a kan wannan kalma, sunan wani sinadari mai guba. Sai mun san halin abin sannan za mu iya raɗa masa suna, shi ya sa zan fara da Bangladesh.

Daga shekarun 1970, gwamnatin ƙasar da UNICEF suka dage wajen haƙa rijiyoyin tuƙa-tuƙa domin raba mutane da ruwan tafki da ke jawo kwalara da gudawa. Yara da yawa sun tsira. Sai a 1993 aka tabbatar a gundumar Chapai Nawabganj cewa ruwan rijiyoyin yana ɗauke da wannan sinadari. Ba wanda ya zuba shi. Yana cikin laka da yashin da kogunan Ganges da Brahmaputra suka kwaso daga duwatsun Himalaya, yana narkewa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Rahoton da ya fito a mujallar WHO a 2000 ya ƙiyasta mutum miliyan 35 zuwa 77 na cikin haɗari.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan garai-garai yake. Ba launi, ba wari, ba ɗanɗano, kuma tafasawa ba ta cire shi. Mutum ya shekara biyar ko goma yana sha lafiya lau kafin baƙaƙen tabo su fito masa, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, daga baya kuma ciwon daji na fata ko huhu ko mafitsara. To yaya za ka ce wa uwa ruwan da ya ceci 'ya'yanta daga gudawa shi ne cuta? An bi rijiyoyi ana shafa jan fenti ga masu haɗari, kore ga masu kyau, duk da haka wasu suka ci gaba da ɗiba a ja don ita ce kusa da gida. Waɗanda tabon ya fito musu kuwa aka ɗauka kuturta ce, aka guje su, har da matan da aka saka.

Yanzu ga sunayen da aka kawo.

Wani ya ce "shinkafar ɓera", tunda an daɗe ana kashe ɓeraye da shi. Ban yarda ba. Duk wanda ya ji haka zai zaci wani mugu ne ya zuba, a koma zargin maƙwabta.

"Gubar rijiya" tana da daɗin faɗa, amma tsoronta nake ji. Tana shafa wa kowace rijiya baƙin jini, alhali rijiya biyu a unguwa ɗaya sukan bambanta, kuma waɗanda suka zarce mita 150 a Bangladesh galibi lafiyarsu ƙalau. In suna ya kori mutane suka koma tafki, kwalara muka gayyato.

Malamanmu sun tuna mana "zarnikh" ta Larabci. Tana da asali, sai dai ba ita ce a takardar gwajin ruwa ba.

Ni dai na tsaya a kan "arsanik", cutar kuma "gubar arsanik", kamar yadda "gubar dalma" ta zauna a bakin jama'a tun abin da ya faru a Zamfara a 2010. Turanci da Faransanci rubutu ɗaya suke yi wa kalmar, don haka ma'aikacin Kano da na Maraɗi duk za su gane ta a takarda, su kwatanta da iyakar WHO ta maikirogiram 10 a lita. In ana wa jama'a bayani sai a ƙara da "gubar da ido ba ya gani".

'Yan'uwa na Gana, an samu wannan sinadari a ruwa a yankin Obuasi. Me kuke kiransa a can?